Taya Ba Ta Ruɓewa: Wa Zai Ɗauki Nauyin Ƙarshenta?

Ƙiyasin da manyan kamfanonin ƙera taya suka fitar da kansu ya nuna cewa tayoyi kimanin biliyan 1 ne ke gama aiki a duniya kowace shekara. Kowace ɗaya a cikinsu akwai wanda ya ƙera ta, da wanda ya yi dakonta, da ɗan kasuwar da ya ci riba a kanta, da gwamnatin da ta karɓi harajinta. Amma ranar da mai faci ya zare ta daga wili ya jingine ta a gindin bango, duk waɗannan mutane sun watse, ba mai cewa tasa ce. A nan matsalar take. Tsohuwar taya ba ta zama annoba don an rasa dabarar sarrafa ta ba, dabarun suna nan tun tuni. Ta zama annoba ne don babu wanda aka ɗora wa kuɗin ƙarshenta. Muddin ’yar wayar da ke cikinta ta fi ita kanta tayar daraja a kasuwa, to wuta za a ci gaba da cinna mata, ko da an cika gidajen rediyo da wa’azin tsabtace muhalli.

Kafin a gane dalilin taurin kan tsohuwar taya sai an san yadda aka yi ta. Ɗanyar roba, wato ƙaron da ake tatsa daga jikin itacen roba, ba ta da amfani a kan titi: zafi ya narkar da ita, sanyi ya sandarar da ita. A 1839 ne Ba’amurke Charles Goodyear ya gano cewa idan aka dafa roba da farar wuta, sai ta ɗaure ta yi ƙarfi, ta daina narkewa. Wannan ɗauri shi ne ya ba duniya taya, kuma shi ne ya hana ta mutuwa. Ana iya narka gwangwani a zuba tukunya, ana iya narka kwalba a hura wata, amma dafaffiyar roba ba ta komawa ruwa. Sannan taya ba roba ce zalla ba. A cikinta akwai robar itace, da robar da ake yi daga man fetur, da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya wanda ke ƙara mata juriya, da zaruruwa, da wayoyin ƙarfe, da sinadarai masu yawa da ke hana ta tsagewa. Injiniyoyi sun shafe fiye da shekara ɗari suna ƙoƙarin kada waɗannan abubuwa su rabu da juna, ko cikin zafin kwalta ko ƙarƙashin lodi, kuma sun ci nasara. Duk mai son raba su daga baya sai ya kashe kuɗi da wutar lantarki.

Kusan kashi 70 cikin 100 na robar itace da ake samarwa a duniya taya ce ke cinye ta. Tailan da Indonesiya ne kan gaba wajen nomanta, Kwaddibuwa kuma ita ce ta ɗaya a Afirka. Tun 1926 kamfanin Firestone ya karɓi hayar ƙasa mai faɗin gaske a Laberiya don wannan noma. Najeriya ma tana da gonakin roba a jihohin Edo da Delta da Ondo da Kuros Riba, har da cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Binin. A da ana ƙera taya a ƙasar, amma Michelin ya rufe masana’antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya biyo baya a Legas a 2008, saboda tsadar wuta da kuma tayoyin waje masu araha da suka cika kasuwa. Tun daga nan ɗanyar roba ke fita, ƙerarriyar taya ke shigowa. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga maganar da muke yi, domin a Najeriya da Nijar, idan ana neman wanda ya kawo taya cikin ƙasa, ba a masana’anta za a same shi ba, a tashar jirgin ruwa da bakin iyaka yake.

Taya tana fara zubar da shara tun tana kan aiki. Zanen da ke suɗewa ba ɓacewa yake yi ba, gari yake zama, iska ta ɗebi wani, ruwan sama ya kwashe saura zuwa kwata da rafi. A 2020 masu bincike a jihar Washinton ta Amurka sun gano cewa wani sinadari da ake sa wa taya don kada ta tsattsage, mai suna 6PPD, idan ya haɗu da iska yana rikiɗa ya zama guba, kuma shi ke kashe wani nau’in kifi a ƙoramun da ruwan titi ke gangarawa. Wannan ɓangare babu injin sake sarrafawa da zai kama shi. Abin da ke rage shi shi ne kula: iska daidai awo, lodi daidai ƙima, da gyara saitin ƙafafun mota. Haka kuma taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. A gefenta akwai jerin haruffa da lambobi, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta. Idan an ga 2319, to an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya ta daɗe tana jan kunnen direbobi su riƙa duba wannan lamba, domin tayar da ta bushe tana iya yin bindiga a tsakiyar gudu alhali zanenta yana nan kamar sabo.

Daga nan ne maganar tayar gwanjo ta taso, wadda ake kira ’yar Beljiyam ko ’yar Kwatano. Masu kare cinikin suna da hujja mai ƙarfi: tayar da Bature ya cire da sauran rai a jikinta, ƙarasa cin moriyarta ai ya fi a niƙe ta, kuma direban haya da ba shi da kuɗin sabuwa da ita yake ciyar da gidansa. Gaskiya ne ƙarasa amfani da abu ya fi lalata shi da wuri. Sai dai a duba abin da ake saye. Wani ya ci mafi yawan rayuwar tayar a ƙasarsa, mu mun sayi ’yan watannin ƙarshe, kuma tare da su mun sayi gawar gaba ɗaya. Direban da ya sauya gwanjo uku a tsawon lokacin da sabuwa ɗaya za ta yi masa, ya bar wa garinsu mushe uku maimakon ɗaya. Tayar gwanjo tana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta Najeriya ta haramta shigo da su, in ban da manyan tayoyin da ake kawowa don a sake musu fuska, amma kowa ya san tana jibge a kasuwa. Akwai ma masu cusa taya cikin taya a kwantena don rage kuɗin dako da na fito, abin da ke lanƙwasa wayar bakinta tun kafin ta taɓa kwalta, da masu sassaƙa wa suɗaɗɗiyar taya sabon zane da wuƙa mai zafi har su kusa taɓo waya. Irin wannan ba tattali ba ne, sayar da haɗari ne.

Tayar da aka yasar ba ta zama lafiya a ko’ina. Idan aka binne ta, ramin cikinta yana tara iska da gas, a hankali ta yi ta tasowa har ta ɓullo saman juji. Idan aka bar ta a fili, ko ta yaya aka ajiye ta sai ta tare ruwan sama, kuma baƙinta yana riƙe ɗumi. Sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi son kududdufi, amma sauron nan mai ɗigon fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, shi ruwan cikin taya da tulu da gwangwani yake nema. Ƙwansa yana manne wa jikin roba ya jure bushewa na watanni, da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Ta haka wani nau’insa ɗan asalin Asiya ya tsallaka teku cikin tsofaffin tayoyi, aka same shi a birnin Hustan na Amurka a 1985, sannan a 1991 aka tabbatar da shi a jihar Delta ta Najeriya. Ƙasar da ke fama da shawara lokaci zuwa lokaci, wadda kuma aka tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato a 2023, bai kamata ta ɗauki tulin taya a bayan gareji a matsayin ƙaramin abu ba.

Tarawa wuri guda ma ba mafita ba ce, jinkiri ne kawai kafin gobara. A 1983 tarin tayoyi kimanin miliyan 7 ya kama wuta a jihar Bajiniya ta Amurka, ya yi wata 9 yana ci. A 1990 na garin Hagersville a Kanada, mai tayoyi wajen miliyan 14, ya yi kwana 17. Ruwa ba ya kashe irin wannan wuta da sauƙi, domin ramin kowace taya yana ba ta iska, kuma zafin yana tatso wani baƙin mai da ke malala cikin ƙasa ya gurɓata rijiyoyi. Kuwait ta tara sama da miliyan 40 a hamadar Sulaibiya, wuta ta sha tashi a wurin, sai a 2021 aka kammala kwashe su zuwa wani wuri don a fara sarrafawa.

Tamu gobarar ba ta shiga labaran duniya, saboda a rarrabe take, kuma kullum ake yin ta. Da almuru a bayan gari za a ga baƙin hayaƙi ya miƙe, matasa sun jera taya biyar ko goma sun cinna. Da safe su dawo su kakkaɓe toka, su naɗe wayar da ta rage su kai wa mai sikeli. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce kilo 8 zuwa 10 ba, wayar cikinta kuwa kilo ɗaya ne da ’yan kai. Don wannan kilo ɗaya aka mayar da sauran hayaƙi, unguwa ta shaƙa. A mayanka da dama da taya ake babbakar kai da ƙafa da ganda, hayaƙin yana bin fatar da za a dafa a ci, kuma hukumomin lafiya da na abinci sun sha yin gargaɗi a kai. Masu fasa dutse suna ƙona ta a kan fa don ya tsage. Hayaƙin nan yana ɗauke da kunkunniya mai shiga can cikin huhu, da sinadaran da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, kuma wanda ya fi kowa shaƙa shi ne wanda ke tsaye a kansa yana juya ta da sanda. Ba na ganin waɗannan mutane a matsayin jahilai. Lissafi suka yi: mahauci ya ga taya ta fi itace da gas araha, yaro ya ga babu mai sayen taya sukutum amma akwai mai sayen waya. Lissafin nasu daidai ne, kasuwar ce ta karkace.

Wani zai ce ai mu mun riga Turawa sake sarrafa taya, kuma yana da abin nunawa. A Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da kasuwar Katako a Yamai, da ƙananan kasuwannin ƙauye, akwai masu sana’ar da taya ce jarinsu. Mai takalmi yana kifa tayar a gabansa, ya jiƙa wuƙa da ruwa don ta yi sulɓi, ya zagaye gefenta ya ɓare, ya ɗora ƙafar katako ya yanko tafin, ya kafa maɗauri da ƙananan ƙusoshi. Makiyayi ya sa wannan takalmi ya taka ƙaya da tsakuwa shekara da shekaru. Daga tiyub ake ɗinka guga, a yanko igiyar ɗaure kaya a bayan babur. Rabin taya ya zama kwamin dabbobi, wata ta danne kwanon rufi, wata yara su yi gare da ita. Wannan hikima ce ta gaske, kuma duk tsarin da za a kawo dole ya fara da girmama ta. Amma a faɗi iyakarta. Mutum nawa ne ke sa takalmin taya, idan aka kwatanta da tireloli da motocin haya da a-daidaita-sahu da baburan da ke sauya ƙafa kowace rana? Tayoyin zamani kuma ɗamarar waya gare su a ƙarƙashin zane, wuƙa ba ta ratsa su kamar tsofaffin masu zare, tiyub ma yana ƙaranci tun da yawancin ƙananan motoci sun daina amfani da shi. Ragowar yankan da mai takalmi ya zubar, da shi kansa takalmin idan ya tsinke, duk juji ko wuta suke komawa. Sana’ar hannu tana jinkirta ƙarshen taya, ba ta kawar da shi.

Abin da injin ke iya yi hawa-hawa ne, kuma wasu matakan sun fi wasu. Mafi daraja shi ne sake wa babbar taya fuska. Gangar jikin tayar tirela, inda mafi yawan roba da ƙarfe suke, tana iya fin zanenta tsawon rai. A masana’anta ana duba ta, a kankare tsohon zane, a manna sabo a gasa. Jiragen sama ma da irin waɗannan tayoyi suke sauka, ana sake musu fuska sau da yawa. Sharaɗin shi ne gangar jikin ta iso da lafiya, abin da lodin wuce ƙima da ramukan hanyoyinmu ke hanawa. Wadda ta wuce gyara sai a daddatsa ta, maganaɗisu ya zuƙe waya, iska ta ɗebe zare, a bar tsakin roba. Da shi ake yin tubalin daɓe da shimfiɗar filin wasa, kamar yadda kamfanin Freee Recycle ke yi a Ibadan, kuma tun shekarun 1960 aka fara gauraya shi da kwalta a jihar Arizona, inda aka ga titin ya fi jure tsagewa. A nan ma wayar tana fita, tsaf da ita, ba tare da an ƙona komai ba. Mataki na ƙasa shi ne murhun siminti. Taya tana ba da zafi kamar kwal mai kyau ko fiye, murhun yana kai zafin kayan cikinsa maki 1,450 a ma’aunin Salsiyas, ƙarfen ma yana narkewa ya shiga simintin. Akwai irin waɗannan murahu a Sakkwato da Ashaka da Obajana da Gboko, da Malbaza a Nijar.

Masu shakka za su ce wannan ma ai ƙonawa ce, kuma sake sarrafawa ba ta rasa nata dattin. Sun yi gaskiya, kuma bai kamata a ɓoye ba. Akwai dabarar dafa taya a rufaffen tanki don a tatsi mai, wadda idan aka yi ta da kayan aiki na ƙwarai tana da amfani, amma a Indiya, inda ake jigilar tsofaffin tayoyin ƙasashe masu arziki, ƙananan matatun bayan gida sun baƙanta ƙauyuka da huhun ma’aikata. Tarayyar Turai ta yanke a 2023 cewa za a daina sayar da tsakin robar da ake barbaɗawa a filayen ƙwallo na roba, bayan wa’adin shekara 8, saboda yana bin ruwa ya watsu. A shekarun 1970 an zuba tayoyi wajen miliyan 2 a tekun Fulorida da niyyar su zama gidan kifi, suka tsinke suka yi ta ragargaza halittun ƙarƙashin ruwa, aka koma ana tsamo su da tsada. Darasin waɗannan shi ne a zaɓi hanya da ido buɗe, a sa mata sa-ido. Amma kwatancin adalci ba tsakanin murhun siminti da iska mai tsabta yake ba. Tsakanin murhu mai matatar hayaƙi ne, wanda ake iya aunawa a ci tararsa, da wutar da ake hurawa a bayan makarantar firamare.

To me ya hana injinan yawaita? Kuɗin tarawa. Kusan kashi uku cikin huɗu na girman taya iska ce, motar da ta cika maƙil da ita rabin lodi ta ɗauka, kuma tayoyin a warwatse suke a rumfunan faci dubbai. Abin da ake samu daga tsakin roba sau da yawa ba ya biyan dako da wutar niƙa. Ƙasashen da suka shawo kan matsalar ba jira suka yi kasuwa ta gyara kanta ba. Tarayyar Turai ta hana zuba taya sukutum a juji daga 2003, daddatsattsiya daga 2006, ƙasashe da yawa a cikinta kuma suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa alhakin kwashe adadin da suka sayar. Yau ana tattara sama da kashi 90 cikin 100. A Amurka yawancin jihohi suna karɓar ɗan kuɗi a kan kowace sabuwar taya, kuma tarin da ya kai biliyan 1 a 1990 ya sauko zuwa kimanin miliyan 50. Ƙa’idar ba baƙuwa ba ce a wurinmu: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ci ribar shigo da taya shi ya kamata ya ajiye kuɗin kwashe ta, tun a tashar jirgin ruwa, inda masu shigowar ba su da yawa kuma ana iya ƙirga kayansu.

Ƙorafi biyu ne suka rage, kuma su ne masu nauyi. Na farko, duk abin da aka ɗora wa ɗan kasuwa a kan direba zai sauke shi, direba kuma a kan fasinja. Haka ne. Amma kuɗin da ake magana ƙanƙane ne a kan farashin taya, kuma talaka yana biyan kuɗin tsohuwar taya tun yanzu, a kantin magani, da tarin yaransa, da naman da aka babbake da ita. Bambancin shi ne yanzu wanda bai mallaki ko keke ba shi ma yana biya. Haɗarin gaske shi ne a caji mai shigo da sabuwa ta hanyar doka a ƙyale ɗan fasa-ƙwauri, gwanjo ta ƙara samun kasuwa. Don haka tsarin ba zai yi aiki ba sai an haɗa shi da tsare iyaka da gaske. Na biyu, wa zai riƙe kuɗin? Afirka ta Kudu ta gwada: ta sa rand 2.30 a kan kowane kilo na taya, wata ƙungiya mai suna REDISA ta riƙa tarawa tana biyan masu kwasa, aka buɗe wuraren ajiya, mutane suka samu aiki. A 2017 rigima ta ɓarke tsakaninta da gwamnati kan yadda ake kashe kuɗin, aka shiga kotu, aikin ya koma hannun hukuma ya yi rauni, alhali ana ci gaba da karɓar harajin. Wannan gargaɗi ne da ya dace Najeriya da Nijar su ji da kyau. Bai nuna ƙa’idar ta ɓaci ba, ya nuna cewa kuɗin da ya shiga babban asusun gwamnati da wuya ya dawo kan taya.

Saboda haka yadda za a biya ya fi yawan abin da za a karɓa muhimmanci. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli a Najeriya ta riga ta fara irin wannan tsari na ɗora wa masu kaya alhakin shararsu a fannin kayan lantarki, ba daga sifili za a fara ba. Kuɗin taya ya zauna a asusu na dabam wanda ake buga lissafinsa a fili, kuma kada ya fita sai a bakin sikeli: a biya masana’anta bisa nauyin da ta tabbatar ta sarrafa, ita kuma ta sayi taya sukutum daga hannun mai kawowa a farashin da ya ɗara na wayar cikinta. Masu tarawar suna nan, ba sai an ƙirƙiro su ba. Kowace taya ta rumfar mai faci take bi, masu faci suna da ƙungiyoyi da shugabanni, ’yan jari-bola kuma sun san kowane lungu. Motocin da ke sauke siminti a Kano da Kaduna da Maraɗi suna iya komawa da daddatsattsiyar taya maimakon su koma wayam, in an kafa injin datsa a manyan garuruwa. A ware wa masu takalmi da guga zaɓin farko na abin da suke buƙata. Mayanka kuma, kafin a hana su taya, a fara kafa musu murhun gas na haɗin gwiwa daga wannan asusu, domin mahaucin da aka ƙwace wa makamashi ba a ba shi madadi ba zai koma babbaka ne da dare a inda jami’i ba ya zuwa.